Ibnus Sabili a Ƙauyukan Sifaniya

Mutanen Turai na zamanin da, lokacin da addini yake riƙe da ragamar rayuwarsu tun daga zanen suna har zuwa kushewa, ba su kiran masu tafiyar ibada da suna guda, sai dai sun kasa su kashi uku, kamar yadda Dante, shahararren mawaƙin nan na Italiya, ya bayyana a ƙarshen ƙarni na 13 cikin littafinsa Vita Nuova. Wanda ya ƙetare bahar ya tafi Baitul Muƙaddas, daga ganyen dabino aka ciro sunansa, domin da shi yake komowa gida ya zama masa shaida; wanda ya nufi birnin Rum, da sunan birnin ake kiransa; amma wanda ya tasar wa kabarin Yaƙub, can a ƙuryar arewa maso yammacin Sifaniya, dab da inda ƙasa ta ƙare teku ta soma, shi sai aka kira shi peregrino, wato baƙo, mutumin da ya yi nisa da garinsu, lafazin da asalinsa a Latin ke nufin mai ratsa gonaki. Larabawa ma da suka zo raɗa wa irin wannan mutum suna sai suka ce ibnus sabili, ɗan hanya, suka jingina nasabarsa ga turba, tun da ya rabu da duk wanda zai tashi ya ce ya san ubansa. Duk wanda aka kira da ɗayan sunayen nan kuwa, an ɗora wa waɗansu mutane nauyinsa ke nan, domin ba a zama baƙo sai da mai masauki, kuma labarin hanyar Santiago, garin da kabarin Yaƙub yake, in aka bi shi a hankali, galibinsa labarin masu masaukin ne.

Yaƙub ɗin da ake magana ba Annabi Yaƙubu ba ne. Ɗaya ne daga Hawariyawan Annabi Isa, alaihis salamu, wanda littafin Kiristoci ya ce Sarki Hirudus ya sa an sare shi a Urushalima, wajen shekara ta 44. Yadda gawarsa ta yi ta isa ƙasar Galisiya riwaya ce da masu tahaƙiƙi cikin malamansu suka daɗe suna kokwanto a kanta, ba kuwa ita ce mas'alarmu ba. Abin da ya tabbata shi ne, a farkon ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfonso na Biyu, aka ce an gano kabarin, wani bishof mai suna Teodomiro ya amince, aka gina majami'a a kansa, garin Santiago ya tsiro a kewayenta, wanda masu tarihin Andalus suke kira Shantu Yaƙub, har Sharif al-Idrisi ya siffanta hanyoyin zuwa can a littafin da ya kammala a 1154. Mafi shaharar hanyoyin ta taso ne daga Saint-Jean-Pied-de-Port, a gindin duwatsun Piranis ta ɓangaren Faransa, tsawonta wajen kilomita 780, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki ga mai ƙafa lafiyayye. In ka cire Pamplona da Logroño da Burgos da León da waɗansu 'yan garuruwa, sauran duk ƙauyuka ne, wannan na hangen hasumiyar wancan.

Wanda ya dubi ƙauyukan nan da idon basira zai ga hanyar ce ta haife su, domin da yawansu ba su da wani fasali sai titi guda ɗaya miƙaƙƙe daga gabas zuwa yamma, gidaje sun jeru dama da hagu, majami'a a tsakiya, mai tafiya ya shiga ta wannan baki ya fita ta wancan ba tare da ya karkace ba. Sarakuna sun gane fa'idar baƙi tun da wuri, shi ya sa Sarki Sancho Ramírez ya kafa garin Estella a 1090 ya zaunar da fatake da masu sana'a daga Faransa don su riƙa hidimar masu wucewa. Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi a nan, domin ya san yadda zango yake zama gari: wanda ya san asalin zangunan Salaga da Kumasi a hanyar goro, ko ya ji labarin kakanninmu da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa suna neman Makka, suna yada zango shekara da shekaru, har waɗansu suka kafa garuruwa a bakin Nilu, ya riga ya fahimci yadda aka yi arewacin Sifaniya ta cika da mutane.

A cikin waliyyan da Kiristocin wannan ƙasa suke girmamawa, wanda ya fi burge ni shi ne Domingo, wanda ya rasu a 1109, domin babbar karamarsa aikin lebura ce. An ce ya nemi shiga gidajen ruhubanawa aka ƙi karɓarsa, sai ya koma daji ya yi halwa a gefen kogin Oja, da ya ga yadda masu ziyara suke ɓata cikin kurmi, suna faɗawa hannun 'yan fashi, ruwa yana cin waɗansu a mashigi, sai ya ɗauki lauje ya sare dajin, ya daɓe hanya da duwatsu, ya gina gada da masauki, har garin da ya tashi a wurin ake kiransa Santo Domingo de la Calzada, wato Domingo na daɓaɓɓiyar hanya, injiniyoyin gine-gine na Sifaniya kuma suka ɗauke shi waliyyin sana'arsu. Tsohon masaukin garin yanzu otal ne na masu hannu da shuni, wannan kuwa ba shi kaɗai abin ya samu ba. Can gaba, kafin a shiga Castrojeriz, hanya takan bi ta ƙarƙashin bakan wani rusasshen gidan ruhubanawa, San Antón, a jikin bangon kuma har yau ana ganin alkuki biyu inda ruhubanawan suke ajiye gurasa a da domin wanda dare ya yi masa bayan an rufe ƙofa, mutumin da ba su ga fuskarsa ba, ba su san sunansa ba, ba za su kuma ji godiyarsa ba.

Ƙararrawa ma a wannan hanya tana da aikin da ya wuce kiran masu ibada. A mashigin Ibañeta, bisa Roncesvalles a duwatsun Piranis, inda hazo da dusar ƙanƙara suke rufe dutse har mutum bai ga tafin hannunsa ba, a da can akan yi ta kaɗa ta ne domin wanda ya ɓace ya bi sautin ya tsira. Sai dai ƙararrawar ta shiga yaƙi ita ma, kuma bai kamata marubuci Musulmi ya tsallake wannan babi ba. A 997 al-Mansur ibn Abi Amir, hajibin halifan Ƙurɗuba, ya ci Santiago da yaƙi, ya rushe majami'ar, amma bisa ga ƙaulin masu tarihin Larabawa ya hana a taɓa kabarin, ya kuma bar wani tsohon rahibi da ya tarar zaune a gefensa. Ƙararrawoyin majami'ar kuwa aka ɗora wa fursunoni Kiristoci a kafaɗa har Ƙurɗuba, aka mai da su fitilu a babban masallaci, da birnin ya faɗa hannun Ferdinand na Uku a 1236 sai aka mayar da su, aka ce fursunoni Musulmi ne suka yi dakonsu. Saboda wannan doguwar gaba, mai ziyara yakan tarar da Yaƙub a siffa biyu cikin majami'un hanyar: wani wuri matafiyi ne da sanda da gora da malafa, wani wuri kuwa barde ne a kan farin doki, takobi tsirara, Musulmi a ƙarƙashin kofato, bisa ga tatsuniyar wani yaƙi a Clavijo da masu bincike suka ce ba a yi shi ba. Siffa ta biyun sarakuna ta yi wa amfani, ta farkon kuwa ita mai tafiya yake gane kansa a cikinta, kuma ita ce ta fi yawa a bakin hanya.

Daga baya hanyar ta mutu, ko ta kusa. Rabuwar Furotesta da Katolika ta yanke baƙin arewa, yaƙe-yaƙe suka rufe iyakoki, a 1589 aka ɓoye ƙasusuwan kabarin don tsoron jiragen Francis Drake na Ingila, aka kuma manta inda aka sa su har 1879. Da ƙarni na 20 ya kai tsakiya, samari suka kwashe zuwa masana'antun Madrid da Bilbao da Jamus, ƙauyuka suka koma kufai. Foncebadón, a kan duwatsun León, sai da ya rage saura wata tsohuwa da ɗanta. Da hukumar coci ta aiko a kwance ƙararrawar majami'ar a kai ta gidan adana kayan tarihi, a farkon shekarun 1990, sai tsohuwar ta hau rufin da sanda da duwatsu ta hana, hujjarta kuwa ita ce in gobara ta tashi ko wani ya ɓace a dutse ba ta da abin kiran taimako sai ita. Aka bar mata. Wanda ya farfaɗo da hanyar shi ma limamin ƙauye ne, Elías Valiña na O Cebreiro, wanda ya yi nazarin tarihinta a jami'a, sa'an nan a 1984 ya ɗauki fenti ruwan ɗorawa irin na masu aikin titi, ya bi ta da 'yar motarsa yana zana kibiya a jikin duwatsu da bishiyoyi da bangon gidaje. Ya rasu a 1989, bai ga abin da kibiyoyinsa suka jawo ba: waɗanda suka karɓi takardar shaidar isa Santiago a 1986 ba su kai 3,000 ba, a 2023 kuwa sun haura 440,000.

To, yaya yinin mai ziyara yake a tsakanin ƙauye da ƙauye? A filin nan da suke kira meseta, tsakanin Burgos da León, yakan tashi tun da asuba don gudun rana, ya saɓa jakarsa mai rataye da faffaɗan ɓawon teku, alamar masu zuwa Santiago, ya shiga gonakin alkama da sha'ir da ba su da iyaka, babu inuwa, babu rijiya, akwai ma wurin da zai yi kilomita 17 bayan Carrión de los Condes bai ga gida ko ɗaya ba. Abin da yakan fara hangowa shi ne hasumiya, a kanta kuma sheƙar wani farin tsuntsu dangin shamuwa, tarin kirare da ya isa kaya guda. Tsuntsun nan kuwa baƙonmu ne, domin in sanyi ya kama Turai da yawansu sukan ƙetare ta Jabal Ɗariƙ su sauko Sahel, Mali da Nijar har arewacin Nijeriya, ko da yake yanzu waɗansu sun gano jujin biranen Sifaniya sun daina wahalar tafiya. Idan ya iso gindin hasumiyar, sau da yawa sai ya tarar da ƙofa a kulle, domin limami guda ne yake zagaya ƙauyuka masu yawa, kayan tarihin da ke ciki kuma ɓarayi sun sha yi musu ɓarna. Mabuɗi yana hannun wata dattijuwa a maƙwabta, wadda in ta ga dama za ta fito da shi, ƙaton ƙarfe mai cika hannu, ta buɗe, sanyin dutse da ƙanshin tsohon kyandir su tarye shi, ta zauna a wani ɗan tebur a bakin ƙofa ta karɓi takardarsa ta buga mata hatimin ƙauyen, ta rubuta kwanan wata, ta yi masa fatan hanya mai kyau, wadda ita ce gaisuwar kowa da kowa a wannan turba. Shi kuwa sai ya zauna a benci ya cire takalmi ya duba bororon ƙafarsa, wanda galibinsu suke hudawa da allura da zare, su bar zaren a ciki ruwan ya tsiyaye.

Akwai masaukai biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. A Grañón, masaukin a jikin majami'ar ƙauyen yake, ta matakalar hasumiya ake hawa, ana kwana a kan 'yan katifu a ƙasa, baƙi da kansu suke yanka albasa su dafa abincin dare su ci tare, babu farashi, sai wani akwati da aka bari a buɗe, mai hali ya zuba abin da ya sawwaƙa, mabukaci ya ɗiba, abin da baƙin jiya suka bari shi na yau suke ci. Ba su ma buga hatimi, da gangan. A San Nicolás de Puente Fitero kuwa, wata 'yar tsohuwar majami'a ce ta ƙarni na 13 a gefen kogin Pisuerga, gadajenta ba su wuce goma sha biyu ba, da kyandir ake cin abinci. Kafin a ci, sai a zaunar da baƙi a da'ira wajen mihrabinsu, masu masauki su yafa alkyabba mai ɓawon teku a kafaɗa, ɗaya ya durƙusa da daro, ɗaya ya riƙe buta, a tambayi baƙo sunansa, a zuba ruwa a ƙafarsa, ƙafar nan mai bororo da filasta da ƙurar yini guda, a share ta da tawul, a sumbace ta, a yi masa addu'a da sunansa, sa'an nan a matsa ga na kusa da shi. Suna koyi ne da abin da littafinsu ya ce Annabi Isa ya yi wa Hawariyawa, kuma ba a tambayar mai ƙafar ko Katolika ne, ko Furotesta, ko ma bai yarda da kome ba.

A nan ne mas'alar niyya take shigowa, domin a ƙarshen hanya akwai ofishin da yake tambaya. Takardar da ake kira Compostela, wadda ake rubutawa da Latin, ana bayar da ita ne ga wanda ya ce ya yi tafiyar don addini ko neman gyaran zuciya, ya kuma nuna hatimai da suka tabbatar ya taka kilomita 100 da ƙafa, ko 200 a kan keke. Wannan sharaɗi ya sa garin Sarria, da ke ɗan gaba da kilomita 100 daga Santiago, ya zama mafarin da ya fi kowane cika, inda ake ganin masu tafiya hannu rabbana, motoci sun wuce da jakunkunansu zuwa otal na gaba. Waɗanda suka taso tun daga Piranis sukan dube su a wulaƙance, har sun ƙago musu laƙabi, turigrino, wato rabinsa ɗan yawon buɗe ido rabinsa mai ziyara. Ni dai ban ga dalilin wannan ɗagawa ba, domin zamanin da suke kuka da wucewarsa bai taɓa zama tsarkakakke ba. Kundin nan na ƙarni na 12 da ake kira Codex Calixtinus cike yake da tsinuwa ga masu masaukin da suke ɗanɗana wa baƙo giya mai kyau su sayar masa da gurɓatacciya, da 'yan canji masu tauye awo, har marubucin ya ba da labarin mutum biyu da ya tarar a bakin wani rafi a Navarra suna wasa wuƙa, suka ce masa ruwan lafiya lau ne, dawakinsa suka sha suka mutu, nan take suka feɗe su. Cikin masu ziyarar kansu akwai wanda alƙali a yankin Flanders, cikin Beljiyam ta yau, ya yanke wa tafiyar a madadin horo, akwai wanda aka yi ijara da shi ya je a madadin mamaci bisa wasiyya, akwai mai gudun bashi. Hukuncin nan na tafiya bai ma ƙare ba, domin a 1982 wata ƙungiya a Beljiyam mai suna Oikoten ta fara fitar da kangararrun yara daga gidan horo tana sa su taka hanyar tare da mai rakiya.

Malamanmu na Malikiyya, da suka zo bayanin ibnus sabili cikin mutum takwas da ake bai wa zakka, sun gindaya cewa ya kasance baƙo, mabukaci ga abin da zai kai shi gida, tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ana kuwa ba shi ko da mawadaci ne a garinsu matuƙar bai sami mai ranta masa ba. Sa'an nan suka ƙara wani hukunci da nake ganin ya fi sauran zurfi, cewa in ya yi da'awar shi baƙo ne, a gaskata shi. Hikimar a fili take, domin wanda ya yi nisa da gida ba shi da shaidu, in aka ce sai ya kawo su an tozarta haƙƙin tun daga tushe. Mai masaukin Grañón bai karanta fiƙihu ba, amma a kan wannan ƙa'ida yake aiki, kuma ina ganin ya fi ma'aikacin ofishin Santiago kusa da ma'anar sunan da Dante ya ambata, ko da yake ba na zargin ma'aikacin, tun da wanda mutum dubbai suke yi wa layi a ƙofa kullum dole ya nemi ma'auni, kilomita kuwa tana ƙirguwa, niyya ba ta ƙirguwa. Akwai masu cin amanar akwatin, ba shakka, masu kwana su ci su tashi ba su zuba ko sisi ba alhali aljihunsu cike yake, har waɗansu masaukan sadaka sun gaji sun sa farashi.

Abin da ya sauya ƙwarai a zamaninmu shi ne su wane ne masu masaukin. 'Ya'yan ƙauyukan suna birni, tsofaffin suna ƙarewa, da rani masu kwana ɗaya sukan ninka mazauna yawa, saboda haka galibin masu buɗe ƙofa a masaukan sadaka yanzu 'yan sa kai ne, mutanen da suka taɓa taka hanyar suka komo su biya bashin alheri, kowane ya yi mako biyu yana share ɗaki da wanke bayi ya ba wani wuri. Masu wanke ƙafa a San Nicolás 'yan wata ƙungiya ce ta birnin Perugia a Italiya. A Rabanal del Camino, ƙauyen da ke ƙasa da Foncebadón, ruhubanawan da suke rera addu'ar magariba da Latin a 'yar majami'ar garin reshe ne na wata zawiya da cibiyarta ke Sankt Ottilien a Jamus, tsohon gidan limamin kuwa, wanda ya kusa rushewa, wata ƙungiyar Ingilishi ce ta gyara shi ta buɗe shi masauki a 1991, ta sa masa sunan Gaucelmo, wani rahibi da ya yi hidimar matafiya a dutsen nan tun ƙarni na 12. 'Yan ƙungiyar ne suke riƙe da shi har yanzu, kuma da yake kowa da ta'adar gidansu, da la'asar sukan kira baƙi cikin lambu su ba su shayi.